Hula da Wutsiya: Dalilin da Ya Sa Muke Wasa a Ajin Turanci

Wannan shi ne jawabin da malamin Turanci na ajin yamma ya gabatar a taron iyaye da malamai wanda ƙungiyarmu ta kira a nan Sabo, Badun. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Malam Liman, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayena maza da mata, 'yan'uwana malamai, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin jira. Na san wasu sun rufe shago, wasu sun baro kaya a kara suka taho, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

An kai ƙarata wurin shugaba. Abin da aka ce shi ne, an ba ni yara in koya musu Turanci, ni kuma na mai da aji dandalin wasa. Wai in mutum ya bi ta bayan taga ba abin da zai ji sai ihu da tafi, yara na ciniki da marafen kwalba kamar ana gwanjo a Dugbe. Har iyaye biyu sun janye 'ya'yansu, kuma na ji an ce kwamiti zai duba ko a bar ni in ci gaba ko a nemo wani malamin. To, wallahi ban ji haushin kowa ba. Uban da ya hana ɗansa tsaron shago na awa biyu, uwar da ta sauke wa 'yarta farantin talla, suna da haƙƙin su tambayi abin da ake yi da wannan lokaci. Ihun gaskiya ne, marafen kwalbar ma gaskiya ne, ga su nan a buhu na taho da su. Abin da nake roƙo shi ne ku ji dalilina, sannan ku yanke hukunci.

Kowa a nan ya san abin da ke tsare yaranmu a ƙofar jami'a. Ko jarrabawar WAEC, wadda aka kafa hukumarta tun 1952, ko ta NECO da ta zo a 1999, magana ɗaya ce: ana son kiredit biyar, kuma dole Turanci na ciki. Yaro ya ci lissafi ya ci komai, in aka ba shi D7 a Turanci, sai ya sake zama. Ga Jami'ar Badun nan kusa da mu tun 1948, muna wucewa ta bakin ƙofarta kullum in za mu Ojo, amma ku ƙirga 'yan unguwar nan da suka shiga. Yaranmu kuwa ba daƙiƙai ba ne. Yaron Sabo yana tashi da Hausa a gida, da Yarbanci a layi, da Buroka a tasha. Mai harshe uku tun bai kai shekara goma ba, ai ba za a ce na huɗu ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai Turancin takarda yana da wasu ƙananan tarkuna, kuma masu duba jarrabawa suna da kason maki na musamman na tsabtar rubutu, kowane kuskuren nahawu sai sun zaftare wani abu. Ɗaya daga cikin tarkunan nan shi ne abin da muke fama da shi a wannan zango.

Bari in bayyana shi yadda wanda bai taɓa shiga ajin boko ba zai gane. A Turanci, idan kalmomin aiki biyu suka biyo juna, ta biyun ba ta cika tsayawa haka nan ba. Ko dai a sa mata "to" a gaba, ko a liƙa mata "ing" a baya. Littattafai suna kiran ta farko infinitive, ta biyu gerund, amma mu a ajinmu mun raɗa musu sunan da yaro zai riƙe. "To" ɗin nan mun ce hula ce, tunda a ka ake sa ta. "Ing" kuwa wutsiya ce, tunda a baya take. Wanda zai ce yana so ya tafi, sai ya ce "I want to go", da hula. Wanda zai ce yana jin daɗin tafiya, sai ya ce "I enjoy going", da wutsiya. In ya musanya su ya ce "I want going" ko "I enjoy to go", Bature zai gane abin da yake nufi, amma mai jan biro zai zagaye wurin. Kalmar farko ce take zaɓa wa ta biyu abin da za ta saka. Want, hope, decide, promise, agree, refuse, plan, expect, duk hula suke so. Enjoy, finish, avoid, deny, admit, mind, keep, suggest, duk wutsiya suke so. Akwai kuma waɗanda ba su da tsirfa, irin su begin da start da continue, ko wacce ka ba su sun karɓa.

Kada wani ya ce wannan rikicin Nasara ne kawai. Mu ma muna da irinsa a bakinmu. Muna cewa "ina son cin tuwo", muna kuma cewa "ina so in ci tuwo". Amma Baba, ka taɓa jin Bahaushe ya ce "na gama in ci tuwo"? Ko "na daina in sha taba"? To kun ga kun yi dariya. "Na gama cin tuwo" ake cewa, "na daina shan taba" ake cewa. Yanzu in tambaye ku, wa ya zaunar da ku ya ce muku gama da daina da dinga da riƙa ba sa karɓar "in ci" sai "ci"? Babu. Kunne ne ya ji sau dubu tun kuna goye, har ya zama in an faɗi ba daidai ba sai ku ji abin ya soke ku. To wannan kunnen nake so in yi wa yaranku a Turanci, kuma ba ni da shekara goma, awa biyu gare ni a rana.

Wani zai ce, tunda Hausa tana da irinsa, sai yaro ya dinga fassarawa mana. Nan ne tarkon yake. Wani lokaci su kan dace: "na gama wanki" ya yi daidai da "I finished washing". Amma mu muna cewa "na ƙi zuwa", "na kasa zuwa", "na yi alkawarin zuwa", shi kuwa Bature a duk ukun nan hula yake sawa: "I refused to come", "I failed to come", "I promised to come". Buroka kuma ba ruwanta da hula balle wutsiya, "I wan go" ta wadatar. Saboda haka harsunan da yaro ya iya suna taimakonsa ya gane cewa akwai bambanci, amma ba za su gaya masa wace kalma ke son wanne ba. Akwai ɗan haske da nakan ba su, cewa hula ta fi bin abin da ake hange a gaba, kamar so da fata da niyya, wutsiya kuma ta fi bin abin da aka riga aka yi ko ake cikin yi. Yana taimakawa, amma ba ƙa'ida ba ce, don kuwa suggest da consider gaba suke hange, amma wutsiya suke ɗauka.

Ni da bulala aka koya mini wannan babi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan cika allo da jerin kalmomi, mu kwafe, mu haddace, gobe mu kawo hadda. Wanda ya tsallake ɗaya, bulala ɗaya. Na haddace su tsaf, har yau in kun tashe ni cikin dare zan jero muku. Amma da na gama makaranta na rubuta takardar neman aiki ta farko zuwa wani ofis a nan garin, sai na rufe ta da "I look forward to hear from you". Akawun da ya karɓa ya karanta a gabana, ya ɗauki jan biro ya zagaye "hear", ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, kuma aikin koyarwa kake nema? Ban ce shi ya hana ni aikin ba, amma kunyar da na ji a ranar ba ta sake ni ba. Jerin yana cikin kaina, bai sauko bakina da hannuna ba. Tun daga nan na gane hadda daban, iyawa daban. Abin da ke sa jimla ta zauna shi ne yaro ya faɗe ta da bakinsa, a kan abin da ya shafe shi, sau da yawa, ba tare da ya gaji ko ya tsorata ba. In na ce yaro ya maimaita jimla sau talatin, a ta biyar zai fara hamma. In na sa ta cikin wasan da yake so ya ci, zai faɗe ta sau hamsin yana roƙon a ƙara. Ga wasannin, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne kwando biyu, da shi muke farawa. Na yanyanka kwalin sabulu na rubuta kalma ɗaya a kan kowane yanki. Ana ajiye kwanduna biyu a gaban aji, ɗaya da tsohuwar hula a kai, ɗaya an ɗaura masa igiya a matsayin wutsiya. Ana raba yara gida biyu. Yaro ya zari kwali, ya yi jimla da kalmar da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya jefa a kwandon da ya dace. Ba a jefawa sai an yi jimla, don in ba haka ba caca ce kawai. Minti biyar ya isa.

Na biyu shi ne jirgin Kano. Kun san dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma shi ya yi ta ɗaukar goron kakanninmu zuwa Arewa. To a wasan nan yaro na farko shi ne kan jirgi. Sai ya ce, misali, "I decided to travel to Kano". Na biyu ya maimaita ta wannan, ya ƙara tasa: "He decided to travel to Kano, and I avoided sitting near the door". Na uku ya maimaita biyun ya ƙara tarago ɗaya. Haka har a kai mutum takwas ko goma. Wanda ya yar da tarago, jirgi ya kauce, a koma tasha a sake. Amfaninsa shi ne jimlar farko takan fito daga baki goma kafin a gama, kuma ba wanda ya lura ana maimaici.

Na uku shi ne wanda na fi ji da shi, don daga wurinku na aro shi: dara. Ina zana gidaje talatin a allo, layi biyar gida shida-shida, kamar yadda dattawa ke haƙawa a ƙasa. Cikin kowane gida na rubuta kalma ɗaya. Ɓangare biyu ne, masu farin alli da masu jan alli. In kana son gida, sai ka yi jimla daidai da kalmar da ke cikinsa kafin a ƙirga goma. Ni ba na yanke hukunci nan take, abokan karawarka su ne za su ce daidai ne ko kuskure, kuma in sun ce kuskure ne dole su gyara, in sun gyara gidan ya zama nasu. Wanda ya jera gida uku ya ci, sai ya goge gida ɗaya na abokin karawa. Gidan da aka goge kuwa ba a komawa cikinsa da tsohuwar jimla, sai an kawo sabuwa. Ku duba abin da wannan ke jawowa. Yaro ba zai zaɓi kalma mai sauƙi kawai ba, don gidan da zai tare wa abokin gaba hanya wataƙila "deny" ce a ciki ko "postpone", dole ya tunkare ta. Kuma duk ajin yana kasa kunne, don kowa na neman kuskuren wani. Ihun da ake ji ta taga, yawancinsa lokacin da aka ci gida ne.

Na huɗu shi ne gwanjo, wanda ya jawo mini ƙara. Ina rubuta jimloli goma a allo, wasu lafiyayyu wasu ruɓaɓɓu, kamar huhun goro da ba ka san cikinsa ba sai ka buɗe. Ana raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni marfin kwalba ashirin ne jarinsa. Ni ne mai gwanjo, kuma tayi da Turanci ake yi. In kun sayi lafiyayyar jimla kun ci riba, in kun sayi ruɓaɓɓiya kuɗinku ya bi ruwa. Kafin a taya, kowane rukuni zai haɗa kai ya yi shawara, kuma a wannan shawarar karatun yake. Za ka ji suna gardama ƙasa-ƙasa: wannan hula take so, a'a wutsiya ce, ka tuna ranar dara. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne, ba sa son asara ko da ta marfin kwalba ce.

A gwanjon nan nake sako kuskuren da muka saba ji kullum har kunne ya ɗauke su daidai. Misali "My father made me to wash the car". Kusan kowane rukuni ya zuba mata kuɗi, alhali ruɓaɓɓiya ce, don make da let ba sa son hula ba sa son wutsiya, kai ba hula suke tafiya: "made me wash", "let me go". Haka "She suggested to go by train", ruɓaɓɓiya ce, "suggested going" ake cewa. Wata rana na rubuta "I am used to waking up early". Duk suka ƙi tayawa, wai an haɗa hula da wutsiya wuri guda. Wata yarinya da ba ta cika magana ba, mai tallan gyaɗa da safe, ta ce wa rukuninsu su taya marfi ɗaya. Na sallama musu. Da aka buɗe huhu, jimlar lafiya lau take. Na tambaye ta yaya aka yi ta sani. Ta ce ai Malam ka taɓa cewa akwai "to" da ba hula ba ce, kuma in ana so a gane ta a sa mata suna a gani. Haka ne kuwa. Kana iya cewa "I am used to the cold" ko "I look forward to Sallah", magana ta zauna, to wannan "to" ɗin ba hula ba ce, kalmar aikin da ta biyo ta wutsiya za ta ɗauka. Amma ba ka iya cewa "I want to Sallah", to wannan hula ce ta gaske. Iyayena, wannan shi ne ainihin kuskuren da akawu ya zagaye mini ina da shekara ashirin da 'yan kai. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta tsallake shi da marfin kwalba ɗaya. Mahaifinta yana zaune a nan, ba zan nuna shi ba.

Kuma kada ku ɗauka malam ba ya faɗawa rami. Na taɓa sa "She helped me carry the load" cikin ruɓaɓɓu, na cinye wa wani rukuni marafe shida. Washegari wani yaro ya zo da ƙamus ɗin yayansa ya buɗe mini: help tana karɓar hula, tana kuma tafiya kai ba hula, duka daidai ne. Dara ta ci gida. Na mayar musu da kuɗinsu a gaban aji har da riba. Yaron da zai koma gida ya buɗe ƙamus da dare don ya ƙwato marfin kwalba shida, ni dai ban ga asarar da aka yi a kansa ba.

Na biyar shi ne direba ya tsaya, kuma shi ne na manyan aji, don a nan hula da wutsiya suke canza ma'ana ɗungurungum. Ina ba yara biyu kwali kowa da nasa, su kwaikwayi abin da ke rubuce ba tare da sun buɗe baki ba, sauran aji su faɗi jimlar. Ɗaya an rubuta masa "The driver stopped to eat at Jebba", ɗaya kuma "The driver stopped eating at Jebba". Na farko zai yi kamar yana tuƙi, ya taka birki, ya sauko ya zauna ya ci abinci. Na biyu zai ture kwano ya kaɗa kai ya wuce. Mu a Hausa kalmomi biyu gare mu: ya tsaya ya ci abinci a Jebba, da ya daina cin abinci a Jebba. Bature kalma ɗaya gare shi, hula da wutsiya ne ke raba masa gardama. Haka remember take. "Remember to lock the shop" shi ne ka tuna ka kulle shago, ba a kulle ba tukuna. "I remember locking the shop" shi ne ina tune da na kulle shi, an riga an kulle. Yaron shago da ya rikita waɗannan biyun, ai sai a kwana kaya a buɗe. Try ma haka: "I tried to lift the bag", na yi ƙoƙarin ɗaga buhu, "Try adding salt", gwada ƙara gishiri ka gani. Sai regret. "I regret selling the ram", na yi nadamar sayar da ragon. Amma in takarda ta zo maka daga ofis ta fara da "We regret to inform you", to ka yi haƙuri tun kafin ka kai ƙarshenta, ba labarin alheri ba ne. A wannan wasan ina barin su su faɗi ma'anar da Hausa, don Hausar ce take nuna mini ko sun gane bambancin ko kuwa sa'a suka ci.

Yanzu bari in faɗi laifin wasan da bakina, kada a ce na ɓoye. Na ɗaya, akwai hayaniya, kuma maƙwabtanmu suna da gaskiya. Na yi alkawarin daga yanzu in an ci gida, ɗaga hannu za a yi maimakon ihu, kuma da an kusa kiran magariba mun rufe. Na biyu, in malam ya yi sakaci, yara uku ko huɗu masu baki su ne za su cinye wasan, masu kunya su koma 'yan kallo, yawanci kuma 'yan mata ne. Maganin da na samo shi ne ba wanda zai yi magana sau biyu sai kowa a rukuninsa ya yi sau ɗaya. Na uku, kuma shi ne babba, a ɗakin jarrabawa ba a dara, rubutu ake yi. Saboda haka wasa ba ya wuce minti ashirin cikin awa biyu. Kafinsa akwai bayani, bayansa kuma kowa zai buɗe littafinsa ya rubuta jimla biyar a kan kansa da kalmomin ranar, in karɓa in duba da jan biro kamar kowane malami. Duk ranar Laraba kuma wasiƙa muke rubutawa irin ta jarrabawa. Littattafan suna nan a kan tebur, kowane uba ya ɗauki na ɗansa ya buɗe shafin farkon zango da na makon jiya. Ko ba ka karanta boko, ai kana ganin jan biro, ka duba inda ya fi yawa.

Ba zan tsaya a nan in ce muku duk wanda ya yi dara zai ci kiredit ba. Turanci faɗi gare shi, wannan babi ɗaya ne cikin babi masu yawa, kuma sakamako na hannun Allah. Abin da na gani da idona shi ne yaran da da ba sa buɗe baki don tsoron a yi musu dariya, yanzu suna rige-rigen ɗaga hannu, kuma in an faɗi "I enjoy to play" sai ka ga sun yamutsa fuska kamar yadda kuka yi ɗazu da na ce "na gama in ci tuwo". Kunnen ya fara fitowa ke nan.

Roƙona uku ne. Na farko, ga iyayen da suka janye 'ya'yansu, don Allah ku dawo mini da su. Zuwa da kai ya fi aike, ku zo ku zauna a bayan aji rana ɗaya, akwai benci. In kun ga ɓata lokaci ne, ku tafi da su ba zan ce uffan ba. Na biyu, iyaye mata, ku daure ku riƙa sakin 'yan matan nan da wuri, don mafi yawansu sai an yi rabin darasi suke isowa da faranti a ka. Na uku, wannan aiki ne da kowa zai iya yi a gida ko da bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba. In yaro ya dawo, ka ce masa ya faɗa maka da Turanci abu ɗaya da yake so ya yi gobe, da abu ɗaya da ya gama yi yau, sannan ya fassara maka. Ta farko hula za ta ɗauka, ta biyu wutsiya. Ka kasa kunne ka ji "to" a ta farko, ka ji "ing" a ta biyu. Minti biyu ne, kuma yaron da ya ga ubansa ya damu da karatunsa ba ya zama ɗaya da wanda ba a tambaya. Masu shaguna kuma, kwalin da za ku yar da marafen lemo, ku tara mana, ba mu neman kuɗin kowa.

Daga ƙarshe, hukunci na kwamiti ne. In an ga ya fi kyau a kawo wani malami, zan miƙa masa alli da hannu biyu, in ba shi buhun nan in yana so. In an bar ni, zan ci gaba yadda na faɗa, da gyaran da na yi alkawari. Yanzu da izinin shugaba, na ga akwai allo a ɗakin nan, kuma yara shida suna jira a waje. Gani ya kori ji. A ba mu minti goma mu yi dara ɗaya a gabanku, dattawa su zama alƙalai tunda su suka san dokarta.

Ranka ya daɗe, iyayena, in na yi kuskure a magana a yafe mini.